Koren Aƙiƙ: A Faɗa Wa Mai Saye Gaskiyar Abin Da Yake Saye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan dutse da kasuwarsa ta buɗe a garinmu na Jos cikin 'yan shekarun nan, musamman a wayoyin matasa da na matan aure, wato koren aƙiƙ.

A watan da ya gabata ɗan ƙanwata, wanda yake sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, ya zo gidana da wani zoben azurfa mai koren ido a yatsansa, yana ta murna. Ya saye shi ne a hannun wani mai talla a Facebook, a kan kuɗin da ya kusa cinye rabin jarinsa, bayan an tabbatar masa cewa daga Yaman aka haƙo dutsen, kuma yana jawo kasuwa, yana kwantar da zuciya, yana kuma karya sammu da kambun baka. Ya ce mini, "Kawu, kai ne ka san duwatsu, duba mini ko na yi dace." Na fita da zoben tsakar gida, na ɗaga shi a hasken hantsi, na sa madubin da nake duba duwatsu da shi, sai na ga launin ya taru ya yi duhu a cikin 'yan tsage-tsagen dutsen, kamar yadda baba yake kwanciya a faratan marini. Dutsen aƙiƙ ne na gaske, amma korensa rini ne. Yadda fuskar yaron nan ta sauya lokacin da na faɗa masa, ita ce ta hana ni sakat har na zauna rubuta wannan wasiƙa.

Haƙar kuza ce ta kawo mahaifina Jos, ni kuma na yi shekaru masu yawa ina saye da sayar da ɗanyun duwatsu, tun daga tofaz ɗin da ake tsinta a wurin wankin kuza, har zuwa zumurrudu da sauran duwatsun da ake kawowa daga yankin Nasarawa Eggon da kudancin Kaduna, da shuɗin yaƙutun tsaunin Mambila. A tsawon wannan zama na koyi cewa mai saye yakan biya kuɗin labari fiye da kuɗin dutse, kuma labarin da ake sayar da koren aƙiƙ da shi a yau bai ko kama ƙafar tarihinsa na gaskiya ba wajen daɗi da ban mamaki.

Aƙiƙ ɗan'uwan farin dutsen nan ne mai ƙyalli da muke gani barjat a tsaunukanmu, domin sinadarinsu ɗaya ne, wato silika, sai dai ƙwayoyin aƙiƙ ƙanana ne ƙwarai har ido ba ya iya rarrabe su. Yana samuwa ne a cikin kogunan da iska ta bari a jikin dutsen aman wuta bayan ya huce. Ruwa mai ɗauke da silika yana tsattsafowa cikin kogon, yana barin shimfiɗa a kan shimfiɗa cikin dogon zamani, shi ya sa idan aka yanka shi ake ganin zane-zane kamar na albasa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, aƙiƙ yana tsakanin 6.5 da 7, ya fi gilas da wuƙar ƙarfe tauri. Launukan da ya fi zuwa da su daga ƙasa su ne fari da ruwan toka da ruwan ƙasa da ja, jan kuwa daga tsatsar ƙarfen da ke cikinsa yake. Kore mai haske, bai ɗaya, irin wanda ake cika tire da shi a kasuwa, abu ne da ba kasafai ƙasa take bayarwa ba.

Akwai dai koraye na halitta a cikin danginsa. Akwai wanda sinadarin nikel ya ba shi launin ɗanyen tuffa, ana samunsa a Ostiraliya da Tanzaniya da yankin Silesiya na ƙasar Folan, akwai kuma wanda kiromiyom ya rina tun a cikin ƙasa, irin na Zimbabuwe. Sai wani da na fi so a cikinsu, mai jiki garai-garai, da koren zane a ciki kamar gansakuka ta maƙale a ƙanƙara, wanda ake samu da yawa a Indiya. Ba tsiro ba ne a cikinsa, ma'adini ne ya yi rassa. Waɗannan duka suna da kyau, kuma masu kyau daga cikinsu suna da daraja a kasuwa, amma ba su ne suke yawo a yawancin tallace-tallacen da ake turo wa 'ya'yanmu ba.

Sunan da Turawa suke kiransa da shi, agat, ya samo asali ne daga wani kogi a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, inda masanin Girka Tiyofarastus ya ambaci samuwarsa fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Mu kuwa daga Larabawa muka karɓi kalmar aƙiƙ, su kuma Yaman ce matattararsu, shi ya sa har gobe duk mai son ya tsuga wa dutse kuɗi sai ya jingina shi da Yaman. Sai dai aƙiƙin da Yaman ta yi suna da shi ja ne mai duhu, irin launin hanta, da masu ratsin fari da baƙi. A Indiya kuwa, garin Khambhat na jihar Gujarat ya daɗe yana cin abinci da wannan dutse, inda masu sana'ar suke gasa shi a cikin tukwanen ƙasa don jansa ya ƙara fitowa, sannan su fasa, su goge, su huda, jiragen ruwa su kwashe zuwa ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka.

Ƙasarmu ma ba baƙuwa ba ce a wannan ciniki. A garin Igbo-Ukwu na jihar Anambra, inda masu binciken kayan tarihi suka yi tono a 1959 da 1960 da kuma 1964, an samu dubban duwatsun ado na gilas da na jan aƙiƙ waɗanda suka kai shekara dubu a binne. Fatake Hausawa su ne suke ɗauko jan dutsen da ake kira lantana daga yankin da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, su kai shi tsohuwar Oyo, daga baya kuma Ilori, inda gwanaye suke sassaƙa shi su huda. Iyayenmu mata sun san tsakiya, sun san murjani, sun san talhatana, kuma yarinyar da aka kai ɗakin miji da waɗannan a wuya da kai, kowa ya san gidansu ba a yi mata ƙwauro ba.

A kan talhatana nake so in ɗan tsaya, domin ita ce ta haɗa mu da koren aƙiƙ kai tsaye. Matasan yanzu da yawa ba su taɓa ganinta ba: wani ɗan ado ne mai zobe a sama da tsini mai kusurwa uku a ƙasa, wanda matan Buzaye da na Hausawa suke ratayawa a wuya ko su ɗaura a kitso. Kakata ta wajen uwa tana da guda biyu, ja da kore, a cikin wata 'yar adudu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa daga gabas alhazai suka kawo su. Wataƙila ta hanyar gabas ɗin suka biyo, amma sai da na shiga harkar duwatsu na gane cewa mafi yawan talhatanar aƙiƙ ta wancan zamani a Jamus aka yi ta, a wani gari mai suna Idar-Oberstein.

Mutanen wannan gari sun yi ɗaruruwan shekaru suna haƙo aƙiƙ a tsaunukansu, suna goge shi a jikin manyan duwatsun niƙa da ruwan rafi yake juyawa, ma'aikaci yana kwance rubda ciki a kan benci yana danna dutsen da dukkan ƙarfinsa. Da nasu ya fara ƙarewa, sai 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa kudancin Barazil suka ci karo da aƙiƙ mai ɗimbin yawa a jihar Rio Grande do Sul a wajajen 1830, suka riƙa turo shi gida a jiragen ruwa. Aƙiƙin Barazil yawancinsa ruwan toka ne, ba shi da wani armashi, amma jikinsa yana da ƙofofi ƙanana da suke shan ruwa, don haka Jamusawa suka duƙufa a kan rini. Idan baƙi suke so, sai su jiƙa dutsen a ruwan zuma ko na sukari na tsawon kwanaki, sannan su dafa shi a cikin asid mai ƙarfi, sukarin da ya shige ciki ya ƙone ya zama gawayi. Idan ja suke so, sai ruwan sinadarin ƙarfe da wuta. Kore kuwa, wanda suka gano dabararsa a tsakiyar ƙarni na 19, da gishirin kiromiyom ake jiƙa shi sannan a gasa. Suka kwaikwayi siffofin da Indiyawa suka saba yi wa kasuwar Afirka, suka yi ta turowa, daga baya kuma masu aikin gilas na Bohimiya, wani yanki da ke cikin ƙasar Czech a yau, suka fito da tasu ta gilas mai araha, har aka gangaro zuwa ta roba.

Ke nan koriyar talhatanar kakata, wadda aka gada aka kuma ji da ita, dutsen Barazil ce da aka rina a Jamus, ta ƙetare teku da hamada kafin ta iso adudunta. Sanin haka bai rage mata daraja a idona ba ko kaɗan. Mu Hausawa mutanen rini ne. Ba wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano ya ce turkuɗi jabu ne don an tsoma shi a baba, domin kowa ya san fari aka saƙa shi, kuma rinin ne ya ƙara masa kuɗi. Laifin yana wurin wanda ya rina sannan ya rantse cewa haka Allah ya halitta, ya kuma ɗora wa abin wani sirri da ya san ƙirƙirarsa ya yi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma bai keɓe hatsi ya bar duwatsu ba.

Batun sirrin shi ne ya fi damuna, domin a nan ne ake haɗa asarar kuɗi da taɓa aƙida. Gaskiya ne cewa mutanen duniya sun daɗe suna jingina wa aƙiƙ asirai iri-iri. Marubucin Rum mai suna Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya kawo cewa ana ganin yana maganin harbin kunama, yana kashe ƙishirwa idan aka sa shi a baki, kuma Farisawa suna cewa yana kawar da guguwa. Manoman Turai sun ɗauki mai zanen gansakuka a matsayin dutsen albarkar gona, saboda kawai ya yi kama da tsiro. Larabawan da suka yi rubutu a kan duwatsu sun ce jan yana tsayar da jini yana kuma sanyaya fushi. Duk wanda ya lura zai ga cewa launi ne yake haifar da maganar: ja ya yi kama da jini sai aka ba shi aikin jini, kore ya yi kama da damina sai aka ba shi aikin yabanya da arziki. Maganar da masu tallan intanet suke yi kuwa, cewa koren dutse yana buɗe wata cibiya da ke cikin ƙirji, an ɗebo ta ne daga koyarwar addinan Indiya, Turawan Amurka da Ingila suka sake mata tufafi a ƙarshen ƙarni na 20, yanzu kuma ake juya ta da Hausa ana yayyafa mata kalmomin Larabci don ta shiga kunnen Musulmi.

Abin da ya tabbata a wurinmu a fili yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya riƙi zoben azurfa don buga hatimi a wasiƙun da yake aika wa sarakuna, an zana Muhammadu Rasulullahi a kansa, kuma zoben ya wuce hannun Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, har ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Sayyidina Usman. A wata ruwayar Muslim daga Anas, an ce idon zoben na Habasha ne, malamai kuma suka yi bayani daban-daban: wasu suka ce dutsen aƙiƙ ne ko ɗan'uwansa mai ratsi, wasu suka ce ana nufin baƙi ne, wasu suka ce maƙerin ne Bahabashe. Sarƙar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wadda ta tsinke a tafiyar nan da munafukai suka ƙulla mata ƙazafi, da dutse mai ratsi na garin Zafar na Yaman aka yi ta. Saboda haka ado da aƙiƙ abu ne da aka sani tun a gidan Annabi, kuma ba ni da ja da duk wanda ya sa shi don ƙawa ko don ƙaunar kamanceceniya da magabata.

Amma hadisin da masu talla suka fi riƙewa, wanda yake cewa a sa zoben aƙiƙ domin mai albarka ne, manyan masana hadisi sun yi magana a kansa tun da daɗewa. Uƙaili ya ce babu abin da ya inganta daga Annabi a wannan babi, Ibnul Jauzi kuma ya sa shi cikin ƙagaggun hadisai. Akwai ma malaman da suka ce kuskuren ɗigo ne ya haifar da shi, wato asalin lafazin takhayyamu ne, ku kafa hema a kwarin Aƙiƙ da ke Madina, wanda hadisi ingantacce ya kira kwari mai albarka, sai mai kwafe ya mai da ɗigo biyu na ƙasa zuwa sama, kalmar ta koma takhattamu, ku sa zobe. Na san 'yan'uwanmu mabiya Shi'a suna da ruwayoyi masu yawa a littattafansu kan falalar zoben aƙiƙ, kuma suna girmama shi, amma ko a wurinsu ban ga yadda za a halatta wa ɗan kasuwa ya sayar da rinannen dutsen Barazil da sunan na Yaman ba.

Ƙaunar da muke yi wa koren launi tana da tushe. Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da koren alharini a Suratul Kahfi aya ta 31 da Suratul Insan aya ta 21, ya kuma ambaci korayen shimfiɗu a Suratur Rahman aya ta 76, kuma babu Musulmin da zuciyarsa ba ta motsawa idan ya hango koriyar ƙubbar Madina, wadda aka yi mata wannan fenti a 1837. Maƙwabtanmu Kirista a nan Filato su ma sun san waɗannan duwatsu a littafinsu, a cikin duwatsu 12 na ƙyallen ƙirjin Haruna da kuma harsashin sabuwar Urushalima. Idan mutum ya dubi koren dutse a yatsansa ya tuna Aljanna, ya tuna ikon Wanda ya shirya wannan zane a cikin duhun kogo, ya yi tasbihi, to ya samu abin da ake samu a dutse. Idan kuwa ya fara jin cewa ranar da ya manta zoben a gida ba zai yi ciniki ba, to ya shiga wani hali da ya kamata ya ji tsoronsa. Sayyidina Umar ya tsaya a gaban Hajarul Aswad, dutsen da ya fi kowane dutse daraja a bayan ƙasa, ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Manzon Allah yana sumbatarsa ba da bai sumbace shi ba. Ban san da wane baki wani zai zo ya ce mana ɗan dutsen da aka jiƙa a ruwan kiromiyom yana buɗe ƙofar arziki ba.

Ga wanda yake son ya saya don ado, akwai 'yan dabarun da ba sa buƙatar na'ura. Aƙiƙ yana da sanyi a hannu kuma yakan daɗe bai ɗumama ba, gilas kuwa nan da nan yake ɗaukar zafin jiki, roba kuma ba ta da nauyi. Idan aka haska fitilar waya ta bayansa aka ga 'yan kumfa zagayayyu a ciki, gilas ne. Bakin wuƙa ba ya yi wa aƙiƙ zane. Rinanne kuwa ana gane shi da launin da ya cika ƙarfi, ya kuma taru a tsaga da bakin huda, kuma idan rinin na araha ne, auduga da ruwan goge farce sukan ɗebo shi. Rinin kiromiyom na ƙwarai ba ya fita ta wannan hanya, don haka tambaya ita ce babbar dabara: a tambayi mai kaya kai tsaye ko an rina, a kuma lura da yadda zai amsa. Wanda ya amsa tambayar launi da labarin aljanu da buɗin kasuwa, a ajiye masa kayansa.

Ina kira ga abokan tsohuwar sana'ata a Jos da su riƙa faɗin asalin kayansu, domin rinannen aƙiƙ yana da masu so ko an faɗi gaskiyarsa, kuma farashinsa na gaskiya ba ya karya jarin kowa. Malamanmu ma, na kowane ɓangare, ya kamata su taɓo wannan batu a wuraren karatu da huɗubar Juma'a, saboda yawancin masu faɗawa tarkon nan mutane ne da talauci ko rashin lafiya ko rikicin aure ya matsa musu, suna neman mafita ta kowace hanya. Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka turo wakilinka ya zauna da masu harkar duwatsu a wannan gari, ya ɗauki hoton na halitta da rinanne da na gilas a jere, a buga wa jama'a su gani da idonsu.

Ɗan ƙanwata bai samu kuɗinsa ba, domin mai tallan ya daina ɗaukar waya tun ranar da aka tambaye shi batun rini. Na ɗauko masa koriyar talhatanar kakarmu, wadda take hannuna yanzu, na ajiye ta kusa da zobensa, na ba shi labarin Barazil da Jamus da ayarin raƙuma kamar yadda na bayar a nan. Har yanzu yana sa zoben ranar Juma'a, kuma da asuba yana fita Farin Gada tarar motocin tumatir da kabeji kamar yadda ya saba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Unguwar Rogo, Jos.